Kamfanin da ya auna mana farfaɗowar ciyayi a tsoffin ramukan farar ƙasa a Alkaleri

Ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi ta daɗe da yin suna wajen haƙar farar ƙasa, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi alhakin gyara filin da ya haƙa. Sai dai cike rami da baje ƙasa ba su isa shaida cewa fili ya farfaɗo ba, shi ya sa ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗauki wani ƙaramin kamfanin masana muhalli daga garin Bauchi domin ya auna abin da ya tsiro a kan ramukan da aka mayar mana.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne lokacin da suka zaɓa. Sun ƙi zuwa a farkon damina, suka jira ƙarshen Satumba, sa'ad da ciyawa ta fitar da kai har ana iya bambance gamba da kyasuwa ba tare da kokwanto ba. Sukan miƙa igiyar awo mai tsawon mita 50, a kowace mita 5 su aza wani firam mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, su rubuta sunan duk tsiron da ya faɗo ciki, sannan su ƙiyasta yawan ƙasar da ganye ya rufe. Da ƙuri'a suke zaɓar inda igiyar za ta fara, don kada ido ya ja su zuwa wurin da ya fi kore. Itatuwa kuwa sukan keɓe musu fili mai mita 20 a kowane ɓangare, su auna kaurin gangar kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Duk wannan awo sun maimaita shi a wani daji na kusa wanda ba a taɓa haƙa ba, kuma a ganina nan ne darajar aikin take, domin ba a sanin abin da fili ya rasa sai an jera shi da makwabcinsa mai lafiya.

Daga bakin hanya filin namu kore ne shar, amma da wata ma'aikaciyarsu ta sa hannu ta kawar da ganyen tafasa a cikin firam ɗin, sai ga farar ƙasa a daskare, babu ko ruɓaɓɓen ganye a kanta. Tafasa da tumfafiya da ƙarangiya ne suka mamaye wurin, alhali sabara da kalgo da gamba, waɗanda suka cika dajin da aka kwatanta da shi, ba su fito ba sai a gefen da aka mayar da ƙasar sama. Na kuma yaba da yadda suka riƙa tambayar wani dattijon makiyayi, "Baba, wannan fa?", su rubuta sunan da ya ba su, su danne samfurin tsakanin tsoffin jaridu.

Inda suka gaza shi ne da turakun itace suka yi wa wuraren awon alama, kuma kowa ya san gara ba za ta bar su su kai baɗi ba, alhali amfanin irin wannan aiki shi ne a koma daidai wuri ɗaya kowace shekara. Ba su kuma killace ko da fili guda ba, don haka rahoton bai iya rabe laifin ƙasa da na kiwo ba. Rahoton kansa da Turanci kawai aka rubuta shi, sai da muka nemi mai fassara.

Kuɗinsu bai yi tsada ba, ko da yake na mota daban suke lissafawa. Duk ƙungiyar da za ta ɗauke su ta sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a kafa turakun ƙarfe, a ba da taƙaitaccen bayani da Hausa, a kuma dawo awo na biyu a watan Maris, lokacin da tafasa ta bushe, ciyawa mai daɗewa kaɗai ta rage.