Tukunyar kashe gobara mai garin ABC: ta dace da shago, ba ta dace da mangazar kulor da takin nitrat ba

Jar tukunyar nan mai kilo 6 da aka rubuta wa ABC a jiki, ita mai kanti zai fara miƙo maka in ka ce kana neman abin kashe gobara. Ita ce a rataye a gidajen mai, da farmasi, da bankuna, da manyan shagunan Maraɗi. A irin waɗannan wurare kaya ce mai kyau, wanda ya saya bai yi asarar kuɗinsa ba. Amma akwai ɗakin da bai kamata a rataye ta ba ko a bakin ƙofa: mangazar da ake ajiye garin kulor na tsabtace ruwa, wanda aka fi sani da HTH, da wadda ake jibge takin zamani mai nitrat. Mutane da yawa, har da masu sayar da ita, sun ɗauka ABC na nufin kowace irin wuta. Ba haka ba ne.

A cikinta akwai gari mai laushi, akasarinsa amoniyom fosfat, da iskar nitrojin da aka matse ta kai wajen bar 15 don ta turo garin waje. Harafin A na wutar itace, tufafi, takarda da katifa ne, B na isansi, gazuwal da fenti, C kuma na gas ɗin girki. Yawancinsu ana iya fesa su a kan kayan lantarki har zuwa bolt 1000, za ka ga an rubuta a jiki. In tana cike nauyinta kilo 9 zuwa 10 ne, yaron shago ma zai ɗauka da gudu. Garin yana kaiwa mita 4 zuwa 5, kuma cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka ya ƙare. Saboda haka maganin wutar da ta fara ce, ba wadda ta riga ta kama rufi ba. A cire fil, a tsaya iska na bugun baya, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, a riƙa kaɗa bakin tiyo dama da hagu.

Aibobinta na yau da kullum sanannu ne. Garin yakan dunƙule in ta daɗe a rataye, don haka duk wata a sauke ta, a kifa, a ji ko garin yana zubowa a ciki, a duba allurar agogonta tana kan kore. Ba ta sanyaya abin da ya ƙone, shi ya sa katifa ko buhun auduga kan sake kamawa bayan an juya baya. Tana kuma ɓata kwamfuta da injuna. Wadda ba ta da hatimi a kan fil, ko babu ranar da aka cika ta, a bar wa mai ita.

Matsalar da ta fi waɗannan duka tana wurin sinadaran da ke ciyar da wuta. Wutar itace ko ta mai tana shan iskar oksijin daga sarari, in ka rufe ta da gari ko yashi ko bargo sai ta shaƙe ta mutu. Garin kulor da amoniyom nitrat, wato sinadarin da ke cikin takin nan mai nitrat, kuwa, in suka ɗau zafi su da kansu suke ba wa wutar abin da take buƙata, tamkar maƙerar da zugazuginta ke cikin gawayi. Ka rufe saman yadda ka ga dama, ƙasan yana ci. Abin da ke tsayar da su sanyi ne kawai, wato ruwa mai yawa. Alamarsu a jikin tano ko buhu ko bayan kamiyo rawaya ce mai kusurwa huɗu, da da'ira mai harshen wuta a samanta, da lamba 5.1 a ƙasa. A kan farantin nan mai ruwan goro na kamiyo, 1748 ko 2880 garin kulor ne, 2468 ƙwayoyin kulor ne na wurin ninkaya, 1942 da 2067 amoniyom nitrat ne da takinsa.

Da a ce rashin amfani ne kawai, da da sauƙi. Garin ABC yana ɗauke da amoniyom, kuma in amoniyom ya haɗu da kulor, musamman da ɗan laima, suna haifar da iska mai guba da wani sinadari, nitrojin tirikulorid, wanda ke fashewa da ɗan zafi ko girgiza. Wanda ya ruga da tukunyarsa don ya ceci dukiya sai ya zamo shi ya ƙara wa abin ƙarfi, yana tsaye mita 3 daga tano. Dalilin ke nan da NFPA 10, ƙa'idar Amurka kan tukwanen kashe gobara, ta hana rataye tukunyar ABC a inda ake ajiye irin wannan kulor. Tukunyar iskar kabon, wato CO2, ma ba ta biyan bukata a nan, domin ita ma shaƙe wuta take yi.

Wannan ba zancen nesa ba ne a wurinmu. Kulor na nan a cibiyoyin lafiya, da wurin masu tankunan ruwa, da masu pampon unguwa, kuma duk lokacin da kwalara ta ɓulla, kamar a 2018 da 2021 a jihar Maraɗi, ana shigo da shi da yawa, ragowar ta zauna a ɗaki. Ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 ne cikin 100, yakan zo a tanon roba mai kilo 45. Masu yinsa suna gargaɗin kada a ajiye shi inda matsakaicin zafin yini ya wuce digiri 35. A watan Afrilu da Mayu Maraɗi na haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da ba shi da taga. A irin wannan zafi garin yana rubewa a hankali, yana fitar da zafin kansa, har ya kai ga hayaƙi ba tare da an kusanto da ashana ba. In man birki, ko gazuwal, ko man gyaɗa, ko dusar katako, ko tsumma mai maiƙo ya faɗa ciki, wuta na iya tashi nan take. Ruwa kaɗan ma abokin gabarsa ne: ɗigon rufi a damina ko jiƙaƙƙen moɗa ya isa ya tayar da zafi da warin kulor mai shaƙe maƙogwaro.

Batun taki yana son bambancewa, domin ana yawan tsorata mutane a banza. Uriya, wadda manoman Jiratawa da Madarunfa suka fi sani, ba ta cikin masu ciyar da wuta. Amma kada a haɗa ta ɗaki ɗaya da kulor, don ita ma tana yin irin mugun haɗin da garin ABC ke yi. NPK kuwa sai an karanta buhu. Wanda aka haɗa da amoniyom nitrat, wani irinsa in ya ɗau zafi daga fitila ko walda yakan riƙa ci a ciki a hankali ba harshen wuta, sai hayaƙi mai guba, kuma yashi ko gari ba sa tsayar da shi. Amoniyom nitrat zalla shi ne babba. Yana narkewa a wajen digiri 170, ya fara rushewa in ya haura 200. Abu uku ke kai shi ga fashewa: zafi, da matsi a rufaffen wuri, da gurɓata da mai ko wani abu mai ci.

A 1947 a tashar jiragen ruwa ta Texas City a Amurka, wuta ta kama a jirgin Grandcamp mai ɗauke da fiye da tan 2,000 na wannan taki. Aka rufe ƙofofin rumbun jirgin, aka tura tururi don a shaƙe wutar ba tare da an jiƙa kaya ba. Zafi da matsi suka ƙaru, jirgin ya fashe, mutum kusan 600 suka mutu, har da kusan dukkan masu kashe gobarar garin. A garin West, shi ma a Texas, a 2013, ma'ajiyar irin wannan taki ta fashe, mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, kuma tsakanin kiran farko da fashewar kimanin minti 20 ne. A fashewar Beirut ranar 4 ga Agusta 2020 tan 2,750 na amoniyom nitrat aka jibge, ayarin farko na masu kashe gobara da suka isa babu wanda ya dawo, ba su san abin da ke cikin mangazar ba.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da mai mangaza ya kamata ya riƙe. In ka kira lamba 18, kada ka tsaya a kan "gobara ta tashi". Faɗa wa ƴan pompiye abin da ke ciki da sunansa, tano nawa ko buhu nawa, ko akwai gazuwal ko tukunyar gas a kusa, da launin hayaƙin. Wannan bayani ne ke sa su san ko za su matso ko za su kwashe unguwa.

Aikin da aka koyar da su yi a irin wannan wuta daban yake da na gobarar gida, kuma ya kamata jama'a su fahimce shi don kada a zage su a ce sun tsaya kallo. Suna zuwa ta inda iska ke fitowa, su tsayar da mota nesa, su karanta alama kafin kowa ya matsa. Littafin jagora na ERG, wanda masu kai ɗauki ke bi a haɗarin sinadarai, a sashensa mai lamba 140, ya ce in garin ya zube ne kawai babu wuta, a janye mutane aƙalla mita 25 ta ko'ina, in zubin mai yawa ne a ƙara zuwa mita 100 ta inda iska ke nufa. In kamiyo ne ke ci da irin wannan kaya, mita 800. In amoniyom nitrat ne, mita 1,600. Kamiyon da kayansa suka riga suka ɗau zafi ba a tuƙa shi. Wanda zai matsa sai da tukunyar numfashi a baya, domin rigar kashe gobara ba ta tare guba, kuma tufar da garin ya shiga tana iya kamawa daga baya. Ba a toshe ƙofofi da tagogi, ana buɗe su ne don zafi da hayaƙi su sami mafita. Sannan a kwarara ruwa daga nesa, daga bayan katanga in da hali, ba kumfa, ba gari, ba yashi. In wutar ta riga ta kai ga tarin amoniyom nitrat, ko hayaƙin ya koma ja mai ruwan ƙasa, a kafa bakin tiyo ya yi ta zuba shi kaɗai, kowa ya ja da baya.

Ruwan ma lissafi ne. Motar da ke ɗauke da lita 3,000, in tana fesa lita 500 a minti, minti 6 ta ƙare. A kan kulor kuwa ruwan da aka fara aka yanke ya fi rashinsa muni. Shi ya sa duk mangazar da ke da irin wannan kaya take buƙatar tanki ko rijiyar burtsatse a kusa, da hanyar da mota za ta shiga ba tare da rumfunan ƴan tebur sun tare ta ba. A lungunan da ke kewaye da babbar kasuwa wannan kaɗai ya isa dalilin fitar da irin wannan kaya zuwa bayan gari.

To me za a saya maimakon ABC? Tukunyar ruwa mai lita 9, amma a tabbatar ruwa ne zalla, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa an zuba musu maganin kumfa. Aikinta shi ne kashe kwali ko katakon da ya kama a gefe kafin wutar ta kai ga tano. In tanon kansa ya fara hayaƙi, lita 9 ba za ta yi komai ba sai tsokana, a fita a kira 18. A haɗa ta da tiyo mai isa kowace kusurwa da tano biyu na ruwa mai lita 200 a waje. Ita ABC a mayar da ita ofis, ko wurin janareta, ko cikin mota, a rubuta a ƙofar mangaza da manyan baƙaƙe cewa ruwa kawai.

Bayan wuta ta mutu aikin bai ƙare ba. Ana ci gaba da jiƙa wurin har ya huce sarai. Ruwan da ya gangaro a tare shi da tudun ƙasa, kada ya shiga lambatu ya nufi Gulbi ko ya sauka rijiya, domin yana kashe kifi yana lalata ruwan sha, kuma narkakken nitrat da ya maƙale a cikin bututu ko rami yana iya fashewa. Jiƙaƙƙen kulor ba a mayar da shi tano a rufe, yana kumbura ya tsage murfi. A kwashe da busasshen shebur mai tsabta zuwa mazubi buɗaɗɗe a sarari, ba a share shi da dusar katako. Duk wanda ya shaƙi jan hayaƙin nan na nitrat a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, a sa masa ido na awa 48, domin ruwa na iya taruwa a huhunsa sa'o'i da yawa bayan ya koma gida. Wanda garin kulor ya shiga idonsa kuwa a wanke da ruwa mai gudana na minti 15 kafin a ɗauke shi.