Rana ɗaya a birnin Luksor na Masar: gaɓar yamma ko ta gabas?

Gaɓar yamma ta Kogin Nilu ita ce ta kaburbura. A Kwarin Sarakuna, inda aka binne fir'aunoni, tikiti ɗaya kabari uku kacal yake shigar da kai. Na Tutankamun da na Seti na Ɗaya kuɗinsu daban. Ka isa da ƙarfe 6 na safe, don kwarin dutse ne zalla, inuwa kaɗan, da bazara kuma zafi kan wuce digiri 40. Wanda ya makara zai tarar da dogon layi.

Gabas ta fi sauƙi, yawancin otal-otal a can suke. Haikalin Karnak na da zaure mai ginshiƙai 134, haikalin Luksor kuwa ana haska shi da dare. Gara ka ƙetare ruwa zuwa yamma da sassafe, ka bar Karnak sai la'asar.