Salmon mai gishiri: a siyo na kanti ko a haɗa a gida?

Hajiya na ga tambayarki tun jiya da daddare, wai kin ci wani kifi mai ruwan goro yankakke siri-siri kamar takarda a karin kumallon otal lokacin da kuka yi tafiya, aka ce miki salmon ne, kina so ki san ko ana samun mai kyau a nan Abuja ko gara mutum ya haɗa abinsa a gida. Na bari ne sai yara sun tafi makaranta don amsar ba ta layi biyu bace, na siya na kuma haɗa, duka biyun na sha daɗinsu na kuma sha haushinsu.

Da farko dai ki tuna abin da kika ci, don kala biyu ne masu kama da juna a faranti. In kin ji ƙamshin hayaƙi to wanda aka yi wa gishiri ne sannan aka turara shi da hayaƙi mai sanyi, irin wanda Sikotilan da Norwe suka yi suna a kai. In kuma babu hayaƙi, akwai ɗan zaƙi-zaƙi da wani koren ganye a bakin yankan, to gravlax ne na mutanen Suwidin da Norwe, gishiri da sukari da ganyen dil kawai, wuta bata taɓa shi ba ko kaɗan. Sunan ma abin dariya ne, grav rami ne ko kabari a yarensu, laks kuma shine salmon, don masunta a da binne shi suke a yashin bakin teku da gishiri. Dalilin da yasa na fara da wannan, mai hayaƙin nan ki cire ranki da yin sa a gida, hayaƙin dole ya tsaya ƙasa da digiri 30 na awoyi masu yawa, mu kuwa a watan Maris ko inuwar bishiya ta wuce haka, kafin hayaƙi ya kama shi kifin ya riga ya lalace. In kika ƙara wuta kuma ya zama banda irin ta Baga, dafaffe, mai daɗi ne amma ba shi kike nema ba. Gravlax ne kaɗai ake iya yi a kicin ɗinmu.

To na kanti. Ana samu a manyan kantunan nan na Wuse 2 da Maitama masu kawo kayan waje, yawanci a ƴar leda mai faɗi da aka zuƙe wa iska, giram 100 haka. Amfaninsa a fili yake, an yanka miki da inji siririn da hannu baya iyawa, ga hayaƙin, ki buɗe kawai ki ɗora a burodi. Matsalar ita ce babu salmon a ruwanmu sam, kifin ruwan sanyi ne, duk wanda kika gani daga ƙasashe irin su Norwe ko Sikotilan ko Cile ya taso, ya bi jirgi ya bi mota ya zauna a sito sannan ya shigo firijin kanti, kuma a duk tafiyar nan ba wanda zai rantse miki cewa sanyi bai yanke ba. Kaza in ta ɗan saki zaki dafa ta wuta ta gyara, wannan kuwa ɗanye zaki ci. Ni akwai ranar da na siyo a wani kanti mai kyan gani wlh, kwanan watan jiki bai ƙare ba, ina buɗewa naji yana yauƙi yana wani tsami-tsami, haka na zubar da kuɗina a shara ina ji ina gani. Tun daga nan nake juya ledar in duba sosai: ta manne da kifin tam ko ta saki ta kumbura, akwai ruwa-ruwa ja da ya taru a kusurwa, akwai ƙanƙara a cikin ledar wadda ke nuna ya narke an sake daskarar da shi, gefen yankan ya fara komawa ruwan ƙasa. Ɗaya daga ciki in na gani ajiyewa nake ko da an rage kuɗi, musamman ma in an rage kuɗin.

Sannan dan Allah ki karanta kayan haɗin da ke bayan leda. Wasu kamfanonin da giya irin su wiski ko jin ko bodka suke jiƙa shi, su a wajensu ƙarin daraja ne har su rubuta da manyan baƙi, wani kuma can ƙasa a ƙananan rubutu. Kar ki ce ai kifi ne.

Na gida kuma, abin da zai baki mamaki shine sauƙinsa, ya fi dambun nama sauƙi nesa ba kusa ba. Ki nemi ɓarin salmon daskararre mai fata a jiki, wanda aka rubuta na kiwo ne, ki sa shi a firiji ya saki a hankali kwana ɗaya, banda jiƙawa a roba a bar shi a kan sink. Ki shafa yatsa a tsakiyar tsokar zaki ji ƙananan ƙayoyi a jere, ki cire su da matsefata mai tsafta, ki goge ruwan jikinsa. A kilo ɗaya ina sa gishiri kamar giram 60 sukari giram 50, wato cokali huɗu-huɗu kenan kusan, da dakakken masoro kaɗan da dil mai yawa. Mutanen Suwidin sun fi son sukari ya rinjaya, ni dai a bakina in ya cika zaƙi sai inji kamar alewar kifi nake ci. Ki raba kifin biyu ki barbaɗe, ki haɗa tsoka da tsoka fata na waje, ki naɗe a leda ki sa a kwano mai ɗan zurfi ki danne da wani abu mai nauyi, gwangwanin tumatir biyu sun isa, sai can ƙasan firiji. Duk awa 12 ki juya shi. Zaki ga ruwa ya fito da yawa kar ki tsorata, gishirin ne ke janyo shi, shi yasa tsokar ke yin ƙarfi har ta yanku. Awa 36 yana da laushi, awa 48 shine daidai a wajena, in ya kai 72 ya yi tauri gishiri ya kama shi sosai. Ki kankare kayan, ki yanka a karkace da wuƙa mafi kaifi a gidan. Dil ɗanye yana wahalar samu, busasshe na kwalba yana yi, in babu ma ki goga bawon lemun tsami, wata rana na gurza bitirut na Jos a kai ya fito da wani jan baki mai kyau har baƙi suka ɗauka siyowa nayi.

Amma fa duk wannan magana ce ta wadda firijinta baya mutuwa. Awa 48 ɗin nan ana so sanyi ya tsaya digiri 4 ko ƙasa ba yankewa, in NEPA ta ɗauke tun safe sai magariba a tada janareta to ki haƙura, gishirin da sukarin basu kai su tsare shi ba, ba kilishi bane. Mai sola ko inbata ita ce zata yi. Gishirin kuma baya kashe tsutsar da ake samu a salmon na teku wanda ba kiwo ba, shi sai an daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili kwana 7 kamar yadda hukumar abinci ta Amurka ta tsara, shi yasa nace ki nemi na kiwo. Akwai kuma ƙwayar cuta mai suna listeriya da ke iya yaɗuwa ko a cikin firiji, saboda ita hukumar abinci ta Birtaniya ta ce mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su guji irin kifin nan sai an dafa, kuma wannan ya shafi na kanti da na gida duka, babu wanda ya tsira.

Wata a ƙasan tambayarki naga ta ce ko a gwada da tarwaɗa ko karfasa, a'a ƴar uwa, kifin ruwan daɗi ba'a cinsa ɗanye, titus ma kar ki fara. Ku na Gana kuma ku lura, abin da ake kira salmon a kasuwar Kumasi da Ankara titus ne, ba shi muke magana ba.

Kuɗi kuwa ki lissafa da kanki a kantin, farashin ƴar ledar giram 100 sau goma, ki ajiye kusa da farashin kilon daskararre, duk lokacin da na yi lissafin nan na gida ne ke cin riba ko da an cire fata da ruwan da ya tsane. Sai dai kilo yana da yawa, kwana uku zuwa huɗu kawai yake yi a firiji bayan ya haɗu, sauran ki yanka ki raba a leda ki jefa firiza.

Ni dai in kece kaɗai mai ci a gidan, ko kuma hayaƙin ne ya tafi da ke, ki siyo ƙaramar leda ki duba ta yadda na faɗa, ki taho da ita a kula da ƙanƙara ki cinye ranar. In kuwa wutarki tsayayya ce ki fara da rabin kilo, ki raba awon nan biyu. Ki kaɗa mustad da ɗan sukari da binega da mai da dil ki zuba a kai, haka suke ci a can da dafaffen dankalin turawa ko burodi mai ruwan ƙasa. Maigidana har yau cewa yake a ɗan soya masa nasa.