Gargaɗi ga masu gidaje a Birtaniya: a yi hattara da masu tallar feshin kumfa a saman silin

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa mazauna Birtaniya da suka mallaki gida ko suke kan biyan bashin sayensa, musamman ganin yadda tsadar gas da lantarki ta sa kowa neman dabarar riƙe ɗumi a gida lokacin hunturu. Akwai 'yan damfara da suka mayar da sararin nan da ke tsakanin silin da rufin gida wurin neman abincinsu, kuma da buƙatar gaskiya suke kama mutum, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗumin gidan da ba a yi wa shimfiɗar riƙe ɗumi ba ta rufi yake tserewa.

Sun san abin da ke ran maigida. Saman silin shi ne sito a yawancin gidajen ƙasar, kuma a gidajenmu can ake tura akwatunan lefe, da manyan tukwanen da ba a sauke su sai da suna ko Sallah, da jakunkunan tsarabar da ake tarawa kafin a tafi ganin gida. Shawarar da ake bayarwa a Birtaniya ita ce kaurin audugar gilashin da ake shimfiɗawa ya kai milimita 270, alhali katakan da ke ɗauke da silin ba su cika wuce milimita 100 ba. Ke nan in aka yi shimfiɗar yadda ya kamata, katakan za su nutse a cikinta, babu inda za a ɗora kaya. A nan ɗan talla yake samun ƙofa. Zai kira a waya ko ya ƙwanƙwasa, ya ce ana duba rufin gidajen unguwa kyauta, wani lokaci har ya nuna kamar da hannun gwamnati ko na ƙaramar hukuma a ciki. Idan ya hau, sai ya sauko da hotuna a wayarsa na katako mai baƙi-baƙi, waɗanda mai yiwuwa ma ba a gidan ya ɗauke su ba, ya danna wata 'yar na'urar auna danshi a jikin katako ya girgiza kai, ya ce audugar da ke wurin ta tsufa, tana jawo laima, tana cutar da numfashin yara. Maganin da zai kawo kullum ɗaya ne: a kwashe ta, a fesa kumfa a cikin rufin, wadda a bakinsu za a ji suna ce mata spray foam, wai da haka an sami ɗumi an kuma tsira da wurin ajiya. Daga nan sai ragin farashi wanda ya ce yau kaɗai yake aiki, da neman kafin alƙalami nan take.

Batun tsufan auduga yawanci ƙarya ce. Audugar gilashi, muddin ba ta jiƙe ba, tana yin shekara 40 tana aiki, kuma wadda ta yi ƙaranci ƙari take so a kanta, ba kwashewa ba.

Kumfar nan ba haramtacciya ba ce, kuma ba kowane gidan da aka fesa wa ne ya lalace ba. Wajibi ne in faɗi haka don adalci. Amma haɗarinta babba ne idan aka yi ta da ganganci. Tururin girki da na wanka yana hawa sama, kuma rufin da ake da shi a yawancin gidaje an gina shi ne don iska ta riƙa ratsawa tana kwashe danshin. Idan kumfa ta toshe hanyar iskar, musamman mai taurin nan da ba ta barin tururi ya wuce, ruwa yana taruwa a jikin katako, ya fara ruɓewa a ɓoye inda ido ba ya gani. Wannan ɓoyewar ita ce babbar musiba, domin mai duba lafiyar gini da banki zai turo ba zai iya ganin katakan ba, don haka ba zai sa hannu a kan lafiyarsu ba. An ƙiyasta cewa gidaje kimanin 250,000 ne ke da wannan kumfa a Birtaniya, wasunsu ma da tallafin shirin Green Homes Grant na gwamnati aka yi musu tsakanin 2020 da 2021. Binciken da BBC ta yi a 2024 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu ba da bashin sayen gida ba sa bayarwa a kan gidan da aka fesa wa kumfa a rufi. Mutum ba zai sani ba sai ranar da ya tashi sayar da gidan ko sabunta bashinsa, ciniki ya faɗa, banki ya ce a'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zagaye na biyu. Bayan an yi shekara ɗaya ko biyu, sai wani kiran ya shigo daga mutanen da suka san sunan maigida, suka san adireshinsa, suka kuma san an fesa masa kumfa, domin jerin sunayen kwastomomi yawo yake yi a tsakaninsu. Za su ce kumfar ta kusa kayar da rufin, ko inshora ta daina aiki, a biya dubban fam a cire ta cikin gaggawa. Wasu su karɓi kuɗin su ɓace, wasu su kankare rabi su yayyaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin tayil, su bar rufi yana yoyo. Tsofaffi da waɗanda ke zaune su kaɗai su ne abin harinsu na farko, don haka duk mai iyaye ko dattijon maƙwabci a ƙasar ya isar musu da wannan magana baki da baki.

Hanyar da ta dace ba ta da wani sirri, kuma ba ta buƙatar kumfa. Ana shimfiɗa milimita 100 a tsakanin katakan silin, a gicciya wasu 170 a kansu, sannan a ɗaure ƙafafun roba da ake sayarwa don wannan aiki, ko a ɗora ƙarin katako, a shimfiɗa allunan da za a ɗora kaya a sama da audugar, a bar 'yar tazara a tsakani don iska ta wuce. Kada a yarda da ma'aikacin da zai danne audugar da allo ya buga ƙusa, domin iskar da ke cikinta ce take riƙe ɗumin, in aka matse ta an rage mata amfani ƙwarai. Kada a toshe ramukan iska na gefen rufi, kada a yi shimfiɗa a ƙarƙashin tankin ruwa, a naɗe bututai don kada su daskare, a kuma sa murfi a kan fitilun da ke cikin silin. Ba sai an shimfiɗe ko'ina da allo ba. Ɗan fili kusa da ƙofar hawa ya isa, tun da silin na gidajen zamani ba a yi shi don ɗaukar fiye da kimanin kilo 25 a kowace murabba'in mita ba.

Wanda zai ba da aikin ya nemi ma'aikata da kansa, ya karɓi farashi a rubuce daga wuri uku, ya duba rajistarsu a shafin TrustMark, tsarin tantance ma'aikata da gwamnati ta amince da shi, da na Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, maimakon ya yarda da tambarin da ke jikin mota. Tallafin gwamnati kuwa ta shafin gwamnati ko ta kamfanin da ke ba gidan gas da wuta ake tabbatar da shi.

Wanda ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar aikin a cikin gidansa yana da kwana 14 na soke ta a ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2013, shi ya sa suke matsawa a sa hannu a takardar fara aiki nan da nan, domin abin da aka yi kafin sokewar yana iya hawa kan maigida. Idan da katin bashi aka biya, ko da kafin alƙalamin ne kawai, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da kamfanin a kan aikin da kuɗinsa ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba. Mai gudun riba sai ya biya katin kafin kuɗin ruwa ya hau. Wanda kuma kumfar ke rufinsa tuni, kada tsoro ya sa ya biya mai kiran waya. Ya tattara takardun aikin da garanti da hotunan da aka ɗauka kafin feshin, ya ɗauko mai duba gini mai zaman kansa, ɗan ƙungiyar RICS ko Property Care Association, wanda ba shi da riba a cirewar. A Ingila da Wales ana kai ƙara ta layin Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, a 0808 223 1133, su ne ke miƙa ta ga jami'an Trading Standards masu sa ido kan cinikayya, wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya kira 159 nan take don a haɗa shi da bankinsa.