Yaron da ya sake min sit ɗin shagona a Tawa

Salamu alaikum jama'a. Da yawa kun tambaye ni wa ya gyara min sit, wato shafin shagona na intanet, to bari in hwaɗa muku mai daɗi da marar daɗi. Ni takalma da jikkunan fata nike saidawa nan Tawa, kuma rabin kiliyan ɗina 'yan uwanmu ne da ke Abijan da Lome da Kwatano. Tsohon sit ɗin ɗan yayata ya yi min shi tun 2021, baƙin bango da jan rubutu, hotuna manya manya, in ka buɗe a waya sai ka yi ta ja da yatsu biyu kamin ka ga kuɗin kaya. Wani kiliyan ya aiko min vokal ya ce "Alhaji sit ɗinka ya cinye min forfe ban ga takalmi ko ɗaya ba", wallahi ranar kunya ta kama ni.

Sai anka haɗa ni da wani yaro a Yamai mai wannan aiki. Abin da ya burge ni, bai fara da maganar kala ba, cewa ya yi "Baba, mutanenka da waya suke shiga ko da ordinater?" Ya sa na sake ɗaukar hoton kowane takalmi bisa farin ƙyalle da hasken safe, ya rage nauyinsu, ko rezo ya yi rauni shafin na buɗewa. Kuɗi a sefa ƙarƙashin kowane hoto, lambar ƙafa daga 38 zuwa 45, ga koren maɓallin WhatsApp da ke kawo min mutum kai tsaye da sunan kayan da ya zaɓa, ba sai an yi ta "wanne kake nufi" ba. Ya rubuta yadda ake biya ta Nita ko Amana. Har Hausa ya sa min kusa da Faransanci, don da yawa cikin mutanena lakkol ba su yi nisa ba.

Inda ya ɓata min rai: sati biyu munka yi da shi, sai da ya kai wata guda, yau wuta ta ɗauke gobe yana tafiya. Kuma bayan jika 80 da na biya, sai daga baya ya ce akwai kuɗin sunan sit da wurin ajiyarshi duk shekara. In za ku ba shi aiki ku tambayi wannan tun hwarko, kuma ku karɓi modepas ɗinku, wato kalmar sirrin shiga sit ɗin, a hannu, ni sai da na kira shi sau ukku.