Mai wayarin da ya gano abin da ke ƙona min fiyus ɗin birki

Fiyus bakwai na ƙona cikin sati uku kafin in faɗa hannun mutumin da nake wannan sharhi a kansa. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai giya otomatik, kuma fiyus ɗin da ke ta tafiya shi ne wanda aka rubuta wa STOP, mai amfiya 15, a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk wanda ya hau irin wannan mota ya san ba fitilar birki kaɗai ke rataye a kansa ba. Da zarar ya ƙone, giya ma sai ta ƙi fita daga P, wato fakin, domin makullinta yana jiran saƙo daga birki. Ranar farko haka na zauna a ƙofar makarantar yara ina ta jan giya, masu adaidaita sahu suna min hon ta baya.

Mai gyara na farko canza fiyus kawai ya yi, ya karɓi kuɗinsa. Bayan kwana biyu ya sake ƙonewa. Na biyu ya ciro shuɗin mai 15 ya danna min kore mai 30, ya ce wannan ya fi ƙarfi, ba zai sake ba ni matsala ba. Da na iso gida na buɗe but sai na ji ƙaurin roba. Allah Ya taimake ni na cire shi a daren. Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci, don da iyalina nake yawo a motar nan.

Wani maƙwabcina direban haya ne ya kai ni wajen na uku, dattijo mai wayarin a nan Kano, rumfar kwano ce da benci guda da yara biyu masu koyon aiki. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa motar ba sai da ya yi min tambayoyi. Yaushe yake ƙonewa, da ka kunna mota ko sai ka taka birki? A kan titi mai kyau ko a gargada? An taɓa yin aiki a bayan motar? Nan na tuna wata biyu da suka wuce an buge ni ta baya, aka kai wa masu gyaran jiki suka miƙe wajen, suka mayar da fitilar hagu.

Ya ce, "Alhaji, fiyus ɗin nan ba shi ne mai laifi ba. Wayarka yake tsaro. Ƙwan birki ɗaya wat 21 ne, a kan batir mai bolt 12 bai kai amfiya 2 yake ja ba. Ko ka haɗa su duka har da na gilashin baya, ba su kai rabin 15 ba. To in ka ga ya ƙone, akwai inda wuta take gudu kai tsaye zuwa ƙarfen mota." Ya ƙara da cewa tun da sai an taka birki yake tafiya, ɓarnar tana tsakanin makunnin da ke jikin fedar birki da fitilun baya, ba kafin makunnin ba. Wannan kaɗai ya rage rabin neman.

Yadda ya yi gwajin shi ne abin da na fi so in ba da labari. Bai ƙona min fiyus ko ɗaya ba. Ya cire ƙwayayen baya duka, ya ɗauko wani tsohon ƙwan fitilar gaba da ya lanƙaya wa wayoyi biyu, ya cusa bakin wayoyin a ramukan da fiyus yake zama. Ya sa yaro ya danne birki. Ƙwan bai kama ba. Sai ya shiga but, ya yaye kafet, ya riƙa bin damin wayoyin da hannu yana girgiza su kaɗan-kaɗan, ni kuma ya ce in zuba wa ƙwan ido. Ya bi gefen dama, shiru. Da ya zo bayan fitilar hagu ya ɗan tura damin da babban yatsa, sai ƙwan ya haska fau, ya saki, ya mutu. Ya maimaita sau uku. Ƙwan ne yake shanye wutar a madadin fiyus, shi ya sa za a iya nema a tsanake ba tare da waya ta yi zafi ba.

Da aka kwance fitilar na gani da idona. An matse waya ɗaya tsakanin gidan fitila da bakin ƙarfe mai kaifi, robar ta goge har jan ƙarfen ya fito, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba. A titi mai santsi ba ta taɓawa, sai an faɗa rami ana kan birki. Kusa da wajen robar ta kumbura ta yi baƙi kamar tsawon ɗan yatsa, ya ce aikin fiyus mai 30 ne, da na ƙara kwana biyu da shi da wayoyin da ke kusa da ita ma sun narke tare.

Ya yanke ɓangaren da ya lalace, ya jona sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, ya yi mata dalma maimakon murɗawa da hannu, ya naɗe, ya sa ta cikin bututun roba, ya ɗaure ta nesa da bakin ƙarfen. Ya mayar da shuɗi mai 15. Kafin in tafi ya sa na haddace launukan: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma ya ce kada in yarda kowa ya naɗa min zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Na je ƙarfe tara, bai zo kaina ba sai bayan azahar, kuma ba ya ɗaga waya idan yana aiki, don haka ba yadda za a yi ka san ko akwai layi sai ka je. Yaran ma sun bar min tabon hannu a kujerar baya, sai da na yi magana aka goge. Kuɗinsa ya ninka abin da na ba mutum biyun farko a haɗe, amma ban nemi ragi ba, domin na ga inda aikin ya tafi.

Yau wata huɗu ke nan, na yi Zariya sau biyu, na shiga lungunan unguwarmu da damina ta farfasa, fiyus ɗin da ya sa yana nan. Sauran guda biyar da na saya don ko-ta-kwana suna cikin ledarsu a aljihun mota. Jiya na tura ƙanina wajensa, shi kuma fitilun cikin motarsa ne suke ɗaukewa duk lokacin da ya buɗe ƙofar direba.