Yawon rana ɗaya zuwa kwarin Breede, ga wanda ba ya shan giya

Kamfanonin yawon buɗe ido na Cape Town, a Afirka ta Kudu, suna tallata wannan tafiya ne da sunan zuwa ɗanɗana giyar inabi. Ni ba na sha, hanyar da gonakin ne suka sa na yanki tikiti. Kuɗina bai faɗi a banza ba, amma akwai inda kamfanin ya gaza, kuma gara mutum ya sani tun kafin ya biya.

Da sassafe ƙaramar bas ta kwashe mu muka hau babban titin N1. Da an wuce Paarl sai titin ya kutsa cikin dutse ta ramin Huguenot, wanda aka buɗe a 1988, tsawonsa ya kusa kilomita 4. Kana gangarawa wajen Worcester, mai nisan kamar kilomita 120 daga Cape Town, za ka ga ƙasa ta sauya. Duwatsu sun tare yawancin ruwan saman da ke tasowa daga teku, don haka gangaren tsaunuka a bushe suke, gonakin da ke ƙasa kuwa kore shar. Sirrin yana ga kogin Breede da madatsar ruwa ta Brandvlei. A wata gona kusa da Robertson na tsuguna na duba: siririn tiyo baƙi ne aka ja a bin kowane layi, yana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan daidai gindin kowace kuringar inabi, tsakanin layukan kuwa ƙasa ƙura ce. Duk mai noman rani ya kamata ya ga wannan da idonsa. Watan Fabrairu ne, ana tsakiyar girbi, ma'aikata na yanke nonnan inabi da almakashi suna zubawa a akwatunan roba cikin zafin rana mai tsanani.

Wurin da ya fi burge ni shi ne tsakanin Ashton da Montagu, inda aka hau titin R62 aka shiga mashigin Cogmanskloof. Duwatsun Langeberg a nan a lanƙwashe suke hawa-hawa kamar tabarmar da aka naɗe, kuma mota na bi ta wata 'yar ƙofa da aka fasa a jikin dutse tun zamanin injiniya Thomas Bain, a shekarun 1870. Direban, Allah ya saka masa, ya tsaya muka sauka ba tare da mun roƙa ba. A Montagu kuma akwai shagunan busassun 'ya'yan itatuwa, na sayi zabibi mai kyau da arha.

Ga inda suka ɓata mini rai. Na faɗa musu tun wajen biyan kuɗi cewa abincin halal nake ci, suka ce ba matsala, amma farantin da aka kawo da rana akwai naman alade a kai. Burodi da cuku da inabi na ci. Wata gona ta ba ni ruwan inabi marar barasa mai sanyi, wata kuwa ruwa kawai aka miƙo mini na zauna ina jiran sauran su gama. Lokacin sallah ma direban ne ya nema mini inuwa.

Mai yi mana bayani ya san sunan kowane irin inabi, amma bai ce uffan kan ma'aikata ba sai da na tambaya. Alhali a da, a gonakin wannan lardi an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, kuma a De Doorns, can gaba da Worcester, ma'aikata suka yi yajin aikin 2012 da ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105, a kuɗin ƙasar. Baƙon da ya biya kuɗi don ganin kwarin ya cancanci a gaya masa wannan.

Idan ku uku ne ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota da direba naku, ku tafi da guzuri, ku nemi gonar da za ta zagaya da ku cikin kuringar. Mai son tuƙi da kansa ya tuna hannun hagu ake bi a Afirka ta Kudu.